Shuɗin Alli a Kafaɗar Emmett

A ɗan ofishin da ke bakin rumfar aladunmu akwai wani tsohon firij da ya girme ni. A hawan sama Baba yake ajiye lemon kwalba da abincinsa na rana. A hawan ƙasa kwalaben magani ne jere, manya da ƙanana, farare da masu ruwan zuma. Tun ina yarinya na iya sunayensu kafin in iya addu'ar cin abinci.

Ina da shekara tara na taka ƙusa. Baba ko hularsa bai cire ba. Ya zaunar da ni a kan buhun dusa, ya dube ni sama da ƙasa yana kimanta nauyina da ido kamar yadda yake yi wa dabba, ya zuƙo fenisilin ɗin aladu ya soka min a cinya. Sannan ya zaro shuɗin allin nan mai maiƙo da muke yi wa duk aladen da aka yi wa allura alama da shi, ya ja min layi a gadon baya.

"Don kada in manta in ƙara miki," in ji shi.

Na yi dariya da hawaye a fuskata, kuma na warke. Haka Baba ya warke lokacin da ƙofar ƙarfe ta datse masa yatsa. Haka Mama ma, kafin ta rasu, duk sanda haƙori ya dame ta. A gidan Babana, Harlan Tersteeg, ba a zuwa asibiti don ƙwarzane. Duk gundumarmu ta arewacin jihar Iowa a Amurka babu wanda bai san mai yin haka ba, ko da ba ya faɗa a coci.

Na auri Emmett Kubik a bazarar shekarar da fari ya ƙone mana masara. Yana koya wa yara kiɗa a makarantar gari, ranar Asabar kuma yana kaɗa goge a gidan rawa. Ni da na tashi ina karanta littattafan soyayya a ɓoye tsakanin layukan aladu, ina jiran wani ya shigo rayuwata ba da warin kashi ba, ranar da na fara ganin yatsun hannunsa na hagu suna gudu a kan tsarkiya sai na tsaya cak na kasa ɗauke ido. Yatsu ne dogaye, sirara, ko kanta babu sai a kan tsininsu. Da daddaren aurenmu ɗaya bayan ɗaya na sumbace su, ina ba kowanne suna. Ya ce, "Gimbiyar aladu, ke fa ba ni kika aura ba, hannuna kika aura." Na ce ai ban musa ba.

Baba bai taɓa kiran sunansa ba. Malam Goge yake ce masa.

"Malam Goge, miƙo gishiri, idan bai yi maka nauyi ba."

"Baba Harlan, ai da hannu biyu zan ɗauko."

"Yi a hankali dai. Kada 'yata ta ce na karya mata abin wasa."

Emmett dariya yake yi. Ni ce abin yake ci. Ina so Baba ya dube shi sau ɗaya kawai yadda yake duban mutum.

Ranar wata Litinin ta watan Yuli, saura kwana goma sha biyu gasar kiɗa ta bajekolin gunduma, zafi ya kai inda ya kai, fanka biyu suka mutu a rumfa ta uku. Dole a kwashe aladu ɗari biyu a mayar da su rumfa ta ɗaya kafin azahar, ko kuwa mu kwashi gawarwaki. Ma'aikacinmu yana gida matarsa ta haihu. Ni ce na kira Emmett. Ni ce na ce, "Zo ka nuna masa."

Ya zo da gudu. Amma duk gaggawar da ake ciki, Baba ya tsayar da shi a bakin ƙofa ya nuna masa allon da ke manne a jiki: A YI WANKA KAFIN A SHIGA. LAFIYAR DABBOBI A HANNUNKA TAKE.

"Tuɓe, Malam Goge. Har gashin kai, da sabulun can ja. Ban san abin da yaran makarantarka suka shafa maka ba, ba za ka kawo wa aladuna ba."

Ya yi wanka, ya sa kayan aikin gona da suka yi masa yawa, ya fito kamar mutum-mutumi a gonar masara. Kuma ya yi aiki, na rantse ya yi aiki. Ya tare, ya tura, ya sha tsawa, ya faɗi a cikin kashi sau biyu ya tashi. Sai dab da ƙarshe wata ƙatuwa daga cikin aladun ta juyo da baya, ya sa hannun hagu ya riƙe ƙofar shinge, bakin waya ya tsaga masa tafin hannu a ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Tsawon ciwon bai kai ashana ba.

A ofis ya wanke da ruwan famfo, ya ce, "Corinne, bari in biya ta ƙaramin asibiti su duba. Hannun aiki ne."

Baba yana tsaye jikin firij yana shan lemo. Murmushi kawai ya yi da gefen baki, irin wanda na sani.

Na ce, "Haba, Emmett, wannan ɗan abin? Su naɗe maka hannu kamar kabeji su ce kada ka taɓa goge mako biyu? Zauna nan."

"Maganin alade fa kike nufi?"

"Magani ɗaya ne, kwalbar ce ta bambanta. Dube ni, da shi na girma."

"Shi ya sa kike gurnani idan kina barci."

Baba ya fashe da dariya har lemo ya sarƙe shi. Karo na farko ke nan da Emmett ya ba shi dariya alhali ba shi ake yi wa ba. Na ga yadda fuskar mijina ta yi haske. Ya zauna a kan buhun dusa, ya naɗe hannun riga. Na soka masa a kafaɗar dama, na ɗauko shuɗin alli na ja masa layi a ƙasan wurin.

"Yau ka zama ɗan gida," in ji Baba, ya miƙa masa lemo daga hawan sama. "Karɓi, Emmett."

Da sunansa ya kira shi, ba Malam Goge ba. Na juya baya don kada su ga idona. Sannan na kamo hannun nan na hagu, na buɗe tafin, na ɗora bakina a kan ciwon na daɗe, kamar yadda nake yi wa duk wani abu nasa da ya ji zafi.

Ranar Talata wurin ya yi ja. Na yi allura ta biyu, layi na biyu. Ranar Laraba ya kumbura, ya kasa danne tsarkiya da ƙaramin yatsa. Baba ya duba ya ce fenisilin ya yi sanyi a 'yan shekarun nan, ko aladun ma ba ya yi musu aiki kamar da, a canza zuwa mai ruwan zuma. Na canza. Layi na uku. Ranar Alhamis Emmett ya ce, "Corinne, bugawa yake yi kamar akwai zuciya a ciki." Na ce alamar magani yana aiki ne, a ba shi kwana ɗaya. Na ƙara yawan abin da na zuƙa. Layi na huɗu. Bai yi wasa ba a ranar. Ya dube ni kawai, ya sauke hannun rigarsa.

Da safiyar Juma'a na tarar da shi zaune a bakin gado yana rawar sanyi, rana ta riga ta cika ɗakin. Hannun ya zama kamar safar roba da aka hura. Wani jan layi ya taso daga wuyan hannu ya wuce gwiwar hannu, ba ni na zana wannan ba.

Tafiyar awa ɗaya ce zuwa babban asibiti. Ban tuna hanyar ba.

Likita Halvorsen mace ce gajera mai furfura, ba ta ɗaga murya. Da nas ta yanke rigar Emmett da almakashi, sai likitar ta tsaya a kan kafaɗarsa ta dama.

"Wannan zanen na mene ne?"

Emmett ya rufe ido. Ni na amsa.

"Alama ce. Ta allura."

"Wace allura, 'yata?"

Na faɗa mata. Na faɗi sunan kwalba biyun, da yawan abin da na zuƙa kowace rana, har da nauyin da na ƙiyasta masa. Ba ta yi faɗa ba. Na so ta yi. Ta ƙirga layukan da yatsa ba tare da ta taɓa shi ba.

"Kwana huɗu ke nan," ta ce. "To."

Suka shiga da shi tiyata a ranar, suka buɗe tafin suka wanke, suka ɗaura masa ƙarin ruwa da magani. Suka ɗebi mugunya suka kai ɗakin gwaji. Ranar Lahadi, lokacin da mutanen cocinmu suke yi masa addu'a, Likita Halvorsen ta kira ni wani ɗan ɗaki ta ajiye takarda a gabana. Sunayen magunguna ne a jere daga sama har ƙasa. Ta riƙa bi da biro.

"Wannan ba ya kashe ƙwayar cutar da ke hannunsa. Wannan ma. Wannan ma haka. Wannan kuwa kamar ruwa take shansa."

Na san sunayen. Hawan ƙasa na firij ɗinmu ne aka rubuto min a takarda, kusan yadda suke a jere.

"Irin ƙwayar cutar da muke gani a jikin masu kiwon aladu ce," ta ce. "Kuna ba su magani ko da lafiyarsu ƙalau?"

"Kwana uku da haihuwa kowane ɗa yana samun allura. Idan an yaye su kuma akwai na cikin ruwan sha. Don kada su kamu."

"Shekara nawa?"

"Tun kafin a haife ni."

"To kin gani. Duk ƙwayar da maganin zai iya kashewa ta mutu tuntuni. Wadda ta rage a rumfarku ita ce wadda ta ga kowace kwalba ta tsallake. Kun yi shekara talatin kuna tace ta, kamar yadda kuke zaɓen uwa mai ƙarfi." Ta nuna can ƙasan takardar. "Saura waɗannan biyun. Mun fara ɗaya yau. Da ranar Litinin kuka zo, da ɗan tsagawa da wankewa ya isa."

Ta sa aka goga min auduga a cikin hanci, ta ce Baba ma ya zo a yi masa. Bayan kwana biyu sakamako ya fito: ni da shi duka muna ɗauke da ita. Tana zaune a hancinmu lafiya lau, ba ta taɓa yi mana komai ba, ta saba da mu kamar karen gida.

Na ce, "Likita, na sumbaci ciwon. A ranar, da kowace rana bayanta."

Ta ɗago ta dube ni.

"Daga wayar ne, ko daga ni?"

"Ba zan iya sani ba. Iri ɗaya ce."

"Ki yi min ƙarya mana. Ki ce waya ce."

"Ba zan iya sani ba, Corinne."

Maganin ya ci ƙwayar a ƙarshe, amma ta riga ta bi jijiya ta yi ɓarnarta. Ranar Alhamis suka koma tiyata suka cire ƙaramin yatsa da na kusa da shi, da gefen tafin. Biyun da suka rage a kusa da babban yatsa sun sandare a lanƙwashe, likita ta ce da motsa jiki za su iya riƙe kofi. Ranar Asabar ɗin gasar, ina zaune kusa da gadonsa sanye da rigar leda da safar hannu da abin rufe hanci, don yanzu haka aka ce in riƙa shiga wurin mijina. Ta taga ana hango tutocin bajekoli can nesa. Ya ce in ja labule.

A ranar Baba ya zo. Ya sa rigar coci, ya riƙo kyafaffiyar cinyar alade guda a naɗe cikin takarda, wadda yake ajiyewa don Kirsimeti. Nas ta hana shi shiga da ita. Ya tsaya a ƙarshen gado da rigar leda a kan rigar cocin, hularsa a hannu yana murza ta.

"Emmett."

"Baba Harlan. Ya aladu?"

"Lafiya. Ko ɗaya ba mu rasa ba a zafin nan. Aikinka ne."

"Madalla. Ka gaishe su."

Baba ya dubi damin bandejin, ya dubi ƙasa. "Ni ban gane ba. Shekara da shekaru muna yi. Ko dai kwalbar ce ta lalace, firij ɗin nan ya tsufa..."

Na ce, "Baba, fita."

"'Yar nan..."

"Don Allah ka fita."

Ya fita. Daga baya na ga cinyar aladen a kan kujerar jira, ya manta da ita ko ya bar ta da gangan.

Emmett bai taɓa ɗora min laifi ba. Ina so kowa ya san wannan. Na durƙusa a gabansa na roƙe shi ya zage ni, ya ce ni na yi, ya jefe ni da kofi. Ya ce, "Ai ni na naɗe hannun rigata, ba ki ɗaure ni ba. Lemo ɗaya ya saye ni." Har ya yi ƙoƙarin dariya. Da muka koma gida ya ce in ɗauke gogen daga jikin bango in kai wa wata ɗalibarsa da iyayenta ba su iya saya mata ba. Na kai. Inda gogen yake, fenti ya fi haske, siffarsa ta zauna a bangon.

Shuɗin allin kuwa an yi shi ne don kada ya fita. Yana jure ruwa da laka da gogar shinge. Nas-nas sun goge, ni ma na dirza da mai da sabulu har fatar ta yi ja, amma mako uku ana ganin inuwar layi huɗu a kafaɗarsa. Ya daina cire riga a gabana.

An ba ni man shafawa a hanci da sabulu na musamman, na yi kwana biyar ina yi. Aka gwada, babu. Na yi murna har na yi kuka. Na koma rumfa mako ɗaya, don ma'aikacinmu ba zai iya shi kaɗai ba kuma uwaye arba'in suna kan haihuwa. Aka sake gwadawa. Ta dawo. Likita ta ce haka take, muddin ina shaƙar iskar wurin.

Na ce wa Emmett zan bar gonar. Ya ce, "Ki bar wa wa? Tsohon nan ko lissafin abincinsu ba ya gani sai da tabarau biyu." Na ce ban damu ba. Ya ce to, mu gani. A watan Satumba yayarsa ta kira daga birnin Cedar Rapids, ta ce akwai masu gyaran hannu nagari a can, ga ɗaki babu kowa. Wata uku kawai, ya ce.

Ta zo ɗaukarsa da hantsi. Na saka masa jakarsa a mota, na gyara masa wuyan riga, na ce ya riƙa kira. Ya ce zai kira, gimbiya. Ya shafa kumatuna da hannun dama. Ban yi tunani ba, jikina ne ya yi abin da ya saba: na juya fuska don in ɗora bakina a tafinsa.

Ya janye.

Ba da ƙarfi ba. Ɗan kaɗan, kamar wanda ya ji ɗumin murhu. Shi ma bai san zai yi ba, na ga haka a idonsa, na ga kunya ta rufe shi. Ya yi sauri ya maido hannun, ya ce, "Ungo, Corinne, yi haƙuri, ungo." Ya miƙo min shi a buɗe. Yatsu biyar, dogaye, lafiyayyu.

Na sa hannayena a aljihu. Na ce, "Ku tafi, kada rana ta yi muku."

Na tsaya har ƙurar motar ta kwanta a kan busassun karan masara. Sannan na taka zuwa rumfa, don Litinin ce, ranar aiki. Na tuɓe a ƙarƙashin allon, na yi wanka da jan sabulu har gashin kai, don kada in kai wa aladu cuta. Da na fito ta ɗaya ɓangaren na juya na dubi bayan ƙofar. Shekara ashirin da shida ina bin ƙofar nan, ban taɓa lura ba cewa ta ciki babu allo. Ba a rubuta wa mai fita komai ba.

Baba yana ɗakin haihuwa, ya riga ya jera kwalabe a kan keken aiki.

"Ya tafi?"

"Ya tafi."

"Ɗari biyu da goma sha takwas ne yau masu kwana uku." Ya miƙo min sirinji, bai dube ni ba.

Ban karɓa ba. Na ɗauki shebur na nufi layin uwaye.

Ya daɗe a tsaye da hannu a miƙe. Daga nan na ji ƙarar murfin kwalba, na ji ya sunkuya da nishin tsufa ya ɗago na farko ta ƙafar baya. Ɗan aladen ya tsala ihu, ya yi shiru. Na ji allin ya goga. Sai na biyu ya fara.